Sabis A Cike, Shafi Ya Ƙi Buɗewa: Matasan Daura Su Auna Kafin Su Canza DNS

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai POS a kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, ko a shagon kwamfuta a cikin garin Daura lokacin rajistar JAMB, ya san wannan yanayi. Sandunan sabis a cike suke, alamar 4G tana nan a saman waya, saƙon WhatsApp yana shiga yana fita, amma shafin da ake nema ya ƙi buɗewa. Sai a kashe data a kunna, a ɗaga waya sama, a fita waje a dawo. A ƙarshe a yanke hukunci da kalma biyu: babu netwok.

A 'yan shekarun nan kuma an samu wani rukuni da ke ganin ya gano maganin. Bidiyoyi sun cika TikTok da YouTube ana cewa a shiga saitin waya a rubuta dns.google ko one.one.one.one, nan take intanet zai ninka gudu. Wasu ma har da alƙawarin data kyauta. Matasa da yawa sun bi. Wasu sun ga sauƙi, wasu ba su ga komai ba, wasu kuwa wayarsu ta daina buɗe komai har sai da suka kai ta wurin mai gyara.

Da mai cewa babu netwok da mai cewa a canza DNS, jirgi ɗaya ne ya kwaso su, domin duk hasashe suke yi. DNS na iya zama sanadin jinkiri, kuma ana iya gane hakan cikin minti biyar da wayar da ke hannu. Sai dai canza shi yana da farashi, tun da duk wanda ke amsa wa mutum tambayoyin DNS yana ganin sunayen shafukan da yake ziyarta. Kuma tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, data ta yi tsadar da ta wuce a ƙone ta a kan lalube cikin duhu.

Mai shayin bakin tasha

Kwamfutoci ba su san suna ba, lamba suka sani. Idan ɗalibi ya rubuta jamb.gov.ng, wayarsa ba za ta iya zuwa ko'ina ba sai ta samu lambar adireshin na'urar da shafin yake kai. Tsarin da ke mayar da suna zuwa lamba shi ne DNS, wanda wani Ba'amurke, Paul Mockapetris, ya ƙirƙira a 1983.

A ɗauka baƙo ne ya sauka a tashar Daura yana neman gidan wani. Ya san sunan maigidan, bai san hanya ba. Sai ya tambayi mai shayin bakin tasha. Idan ana yawan tambayar gidan, mai shayi ya haddace, nan take zai kwatanta. Idan bai sani ba, sai ya aiki yaro wurin mai unguwa, baƙo kuma ya zauna jira.

Haka waya take yi. Kamfanin layi yana ba ta nasa mai shayin, wato wata babbar kwamfuta da ke karɓar tambayoyi. Idan amsar tana cikin ma'ajiyarta, sai ta bayar. Idan babu, sai ta fara daga na'urorin tushe, waɗanda ke da sunaye 13 daga A zuwa M. Su kuma su tura ta ga masu kula da .ng, wato ƙungiyar NiRA, daga nan a kai ga na'urar da ke riƙe da sunan shafin kansa. Kowace amsa tana zuwa da wa'adi. Da ya cika, sai an sake tambaya.

Wannan shi ya sa WhatsApp ke iya ci gaba da aiki alhali sabon shafi ya ƙi buɗewa: manhajar ta riga ta samu adireshinta, hanyarta a buɗe take, ba ta buƙatar sabuwar tambaya. Shi ya sa kuma alƙawarin ninka gudu ba shi da tushe. Mai shayi kwatance yake yi, ba ya ɗaukar kowa a mota. Da zarar an samu adireshi, aikin DNS ya ƙare. Saurin saukar da bidiyo ya dogara ne da ƙarfin sabis da yawan mutanen da ke kan turken sadarwa ɗaya. Ranar hawan Sallah ko Sallar Gani, lokacin da dubban wayoyi suka taru a ƙofar fadar Sarkin Daura kowa na ɗaukar bidiyo, babu wata lambar DNS da za ta faɗaɗa hanyar.

Nisa ma jinkiri ne

Duk da haka, ba a raina aikin mai shayi. Shafi ɗaya na labarai yakan ɗauko hotuna daga wani suna, tallace-tallace daga wani, bidiyo daga wani daban. Kowane sabon suna tambaya ce, kowace tambaya jira ce.

A nan ne wurin zaman Daura ya shigo. Haske a cikin wayar fayiba yana tafiyar kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya. Daga Daura zuwa Legas ya haura kilomita 1,000, don haka zuwa da dawowa kaɗai sun cinye aƙalla milisakan 10, wato kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa, kafin a lissafa jinkirin turke da na sauran na'urorin kan hanya. Idan kuwa tambayar sai ta tsallaka Turai, wayar MainOne ta ƙarƙashin teku da ta haɗa Legas da Fotugal tana da tsawon kimanin kilomita 7,000, wato ƙarin milisakan 70 ke nan. Mafi muni shi ne tambayar ta ɓace a hanya. A lokacin waya takan yi shiru na daƙiƙoƙi tana jira kafin ta sake aikawa, kuma wannan shirun ne mai waya ke gani a matsayin farin shafi mai juyawa.

Cuta huɗu, suna ɗaya

Tarihin 'yan shekarun nan ya isa ya nuna cewa abubuwa mabambanta ne ake haɗawa a kira su rashin netwok.

A Satumbar 2021, lokacin mulkin Gwamna Aminu Bello Masari, an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Jibiya, Batsari, Faskari da Funtua. Ƙananan hukumomin masarautar Daura, wato Daura, Mai'adua, Sandamu, Zango da Baure, ba sa ciki. Amma duk mai ɗan'uwa a can ya san yadda rashin netwok na gaskiya yake: turke ne aka kashe, babu saitin da zai tashe shi.

Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya. Wani kuskure a cikin kamfanin ya sa aka daina iya kaiwa ga na'urorin DNS ɗinsa. Wannan matsalar DNS ce, amma a gidan Facebook take, ba a wayar kowa ba. Mutane da manhajoji suka yi ta sake gwadawa, har kamfanin Cloudflare ya ce tambayoyin sun ninka na kullum sau 30.

Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Intanet ya yi rauni a Najeriya da maƙwabtanta, harkokin banki suka taɓu. Nan ma hanya ce ta yanke.

Sai kuma ranar 14 ga Yulin 2025, inda 1.1.1.1 na Cloudflare ya tsaya na kimanin awa ɗaya. A wannan karon waɗanda suka bi shawarar bidiyo suka canza su ne suka shiga duhu, masu amfani da DNS ɗin layinsu kuwa suka ci gaba da harkokinsu.

A uku na farko canza DNS ba zai amfana da komai ba. A na huɗu shi ne ma ya jawo matsalar. Wanda bai bambance su ba zai yi ta shan maganin ciwon kai alhali ciki ne ke ciwo.

Gwajin minti biyar

Matakin farko shi ne karanta abin da waya ta rubuta maimakon rufe shafin da haushi. Idan Chrome ya nuna ERR_NAME_NOT_RESOLVED ko wani saƙo da ya fara da DNS_PROBE, to a wurin neman adireshi aka tsaya. Kalmar NXDOMAIN tana nufin an amsa cewa babu wannan suna, kuma sau da yawa kuskuren harafi ɗaya ne wajen rubutawa.

Mataki na biyu shi ne zuwa da lamba kai tsaye ba tare da suna ba. A rubuta 1.1.1.1/cdn-cgi/trace a burauza. Idan wasu layukan rubutu suka fito alhali sauran shafuka sun ƙi, to hanya lafiya lau take, DNS ne ke da matsala. Idan shi ma ya ƙi, to matsalar ta sabis ce ko ta data. A cikin layukan akwai wanda ya fara da colo. Haruffa ukun da ke gabansa suna nuna garin da aka amsa: LOS Legas ke nan, LHR kuwa Landan. Wanda ya ga Landan ya san tambayarsa ta yi doguwar tafiya.

Mataki na uku shi ne awo. Manhajojin gwajin netwok irin su PingTools da Network Analyzer suna nuna lambar DNS ɗin da layi ya ba waya, kuma ana iya tambayar suna ɗaya daga wurare daban-daban. Mai son zurfafawa zai iya saka Termux ya yi amfani da umarnin dig, wanda ke rubuta tsawon lokacin da amsa ta ɗauka. A gwada na layi, a gwada 8.8.8.8 na Google, da 1.1.1.1, da 9.9.9.9 na Quad9. A tambayi kowane suna sau biyu, domin amsa ta biyu daga ma'ajiya take fitowa. A maimaita bayan asuba, da rana tsaka, da bayan isha'i lokacin da kowa ke kan waya, a kuma rubuta sakamakon.

Bambancin milisakan 10 ko 20 ba abin da ido zai gani ba ne, bai kai a canza komai saboda shi ba. Abin lura shi ne tambayar da ta ƙi dawowa sam, ko amsar SERVFAIL da ke maimaituwa. Kuma sakamakon wani ba ya zama na wani. Abin da ya yi wa mazaunin Legas daidai ba lallai ya yi wa mutumin Baure ba, kamar yadda na tsakiyar Daura zai iya bambanta da na Kongolam a bakin iyakar Nijar.

Idan awo ya nuna canji ya fi, wayoyin Android tun daga na 9 da ya fito a 2018 suna da wurin da aka rubuta Private DNS a cikin saiti. Suna ake rubutawa a ciki ba lamba ba, misali dns.google ko dns.quad9.net. Amma a san abu uku. Idan Wi-Fi ɗin makaranta ko na otal ya toshe wannan hanya, waya za ta ƙi buɗe komai har sai an mayar da saitin yadda yake. Mai ƙunshin data na soshiyal midiya kaɗai zai iya ganin abu ya tsaya, domin tambayar da ke fita zuwa wani kamfani na waje ba lallai ta shiga cikin ƙunshin ba. Sannan DNS na waje wani lokaci yakan tura waya ga rumbun bidiyo mai nisa alhali akwai na kusa a cikin netwok ɗin kamfanin layi.

Wa ke riƙe da rajistar?

Akwai abin da masu bidiyon ba sa faɗa. Mai shayin da ake tambaya kullum, a hankali yakan san gidajen da kowa ke zuwa. Bai san abin da aka tattauna a ciki ba, amma ya san an je, ya san lokacin. Rajistar DNS haka take. Ba ta ɗauke da saƙo ko lambar sirri, amma tana ɗauke da suna da lokaci: bankin da mutum ke amfani da shi, manhajar rancen da ya buɗe da tsakar dare, shafin wata cuta da ya nema, shafin cacar da ya leƙa.

A tsohon tsari tambayoyin DNS a buɗe suke tafiya, duk mai iko da hanyar zai iya karantawa. Private DNS yana kulle tambayar tsakanin waya da mai amsawa, kuma wannan ci gaba ne na gaske, musamman a kan Wi-Fi na jama'a. Amma mai amsawar dai yana gani. Ma'ana, an canza wanda aka ba amana ne kawai. Google ya ce yana goge rajistar da ke ɗauke da cikakken adireshin mai tambaya cikin awa 24 zuwa 48. Cloudflare ya ce cikin awa 25. Quad9, wadda ke da mazauni a Switzerland, ta ce ba ta ajiye adireshin mai tambaya, tana kuma toshe sunayen shafukan damfara da aka sani. Waɗannan aƙalla sun rubuta alƙawarinsu a fili, ana iya kama su da shi.

Haɗarin yana wurin sunan DNS da wani ya turo a zauren WhatsApp da alƙawarin data kyauta. Wanda ke amsa tambaya zai iya yin ƙarya. Zai iya tura mai neman shafin banki zuwa wani shafi na bogi. Wanda ya yi haka don gudun jinkiri, tsugune ba ta ƙare masa ba, ya sayar da biri ne ya sayi kare.

A ɓangaren doka, sashe na 38 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan zirga-zirga da na masu layi na tsawon shekara biyu. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta ce kada a tara bayanan mutum fiye da buƙata, kada a riƙe su fiye da lokacin da ya dace. Mai waya yana da haƙƙin sanin inda aka ja layi tsakanin biyun.

Aikin da ke gaban cibiyoyin Daura

Daura ta yau gari ne na ɗalibai. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, akwai Jami'ar Sufuri ta Tarayya, akwai Kwalejin Yusufu Bala Usman, ga cibiyoyin jarrabawar kwamfuta da shagunan intanet. A duk inda wayoyi da kwamfutoci masu yawa ke kan Wi-Fi ɗaya, sunaye kaɗan ne ake ta maimaita tambaya. Aika tambaya iri ɗaya zuwa nesa sau ɗari a rana asara ce.

Maganin ba mai tsada ba ne. Tsohuwar kwamfuta ko ƙaramar Raspberry Pi ta isa ta ɗauki manhajar Unbound ko BIND ko Pi-hole, kuma duk kyauta ne. Wanda ya fara tambaya ne kaɗai zai jira, sauran su samu amsa daga cikin gida. Ana iya saita Unbound ya sabunta sunayen da ake yawan nema kafin wa'adinsu ya cika, ya kuma ba da tsohuwar amsa na ɗan lokaci idan an kasa samun sabuwa. Sharaɗi ɗaya shi ne a rufe na'urar ga mutanen cikin gida kaɗai, domin wadda aka bari a buɗe ga duniya masu kutse kan yi amfani da ita wajen kai wa wasu hari.

Babbar ribar ita ce alƙaluma. Umarnin unbound-control stats, ko rndc stats a BIND, yana nuna tambayoyi nawa suka shigo, nawa aka amsa daga ma'ajiya, nawa suka gaza. Mai kula da netwok da ke duba waɗannan kowane mako zai ga matsala tana tasowa kafin ranar jarrabawa. Kuma idan zai yi magana da kamfanin da ke ba shi intanet, da lamba zai je, ba da ƙorafin baki ba.

Amma a bambance alƙaluma da rajista. Alƙaluma jimilla ce, ba ta nuna kowa. Cikakkiyar rajista kuwa tana nuna wace waya ta tambayi wane suna. Wasu za su ce makaranta na buƙatar ta don gano wayar da ta kamu da muguwar manhaja, kuma suna da gaskiya, domin irin wannan waya takan tona kanta ta hanyar yawan tambayar baƙin sunaye. Amsar ita ce a kunna rajista lokacin bincike, a kashe bayan an gama, a goge cikin 'yan kwanaki, a taƙaita masu iya gani, a kuma sanar da masu amfani a rubuce. Ma'aikacin da ke zaune yana karanta abin da ɗalibai mata ke buɗewa ba tsaro yake yi ba, leƙen asiri yake yi.

Nauyin da ke kan manya

Mai waya ba zai iya matso da na'ura kusa da shi ba. Wannan aikin kamfanonin layi ne da hukuma. Cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN, tana da reshe a Kano, kuma a 2023 aka buɗe babbar cibiyar adana bayanai ta Galaxy Backbone a can. Duk tambayar da za a iya amsa ta a Kano bai kamata ta je Legas ba, balle Turai. Ya dace NCC ta sa saurin amsar DNS da yawan gazawarsa cikin abin da kamfanoni za su riƙa bayyanawa jiha-jiha, su kuma faɗa a Hausa da sauran harsuna me suke ajiyewa da tsawon lokacin.

Kafin nan, akwai lambar ƙorafi ta NCC, 622, wadda ake kira kyauta idan an kai kuka ga kamfanin layi ba a samu biyan buƙata ba. Ƙorafin da ya ce babu netwok a Daura zai iya ɓacewa cikin dubbai irinsa. Wanda ya zo da rana da lokaci da unguwa, da hoton saƙon kuskure, da shaidar cewa lamba tana buɗewa suna ba ya buɗewa, ya gama wa injiniya rabin aikinsa. Ɗalibin da ya iya haɗa irin wannan rahoto ya riga ya fara koyon sana'ar da bankuna da makarantu da kamfanonin sadarwa ke biyan albashi a kanta, kuma da wayar da ke aljihunsa ya fara.